ME YA SA FAFFAƊAN JADAWALI KE NAUYI A KWAMFUTA?

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ofishin malamai a makon ƙarshe na zangon karatu ya san babbar takardar nan ta maki, wadda faɗinta ya kan cinye tebur guda. Sunayen 'yan aji suna jere a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, darussa kuma suna jere a bisa daga hagu zuwa dama, kowane darasi da 'ya'yansa: gwaji na fari, gwaji na biyu, jarrabawa, jimla da daraja. Iyayenmu da suka yi makaranta sun san ta tun tana ta biro da rula. Yanzu makarantu da yawa sun mai da ita cikin kwamfuta, a kan shafin intanet, inda kowane malami zai shiga ya zuba makin darasinsa.

To, sai ga abin mamaki. Takardar da a ke warwarewa cikin ƙiftawar ido, da ta koma kwamfuta sai ta yi nauyi. A danna a yi ta jira, a ja ta gefe ta ƙi jawuwa, a rubuta 67 sai an numfasa sau biyu kafin lambar ta fito. Abin da kowa ke cewa shi ne, "Ai babu sabis." Ni kuwa, daga abin da muka koya a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu da ɗan karatun da na yi lokacin hutu, ina so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa sau da yawa sabis ba shi da laifi ko kaɗan. Laifin yana ga yadda a ke gina jadawalin. Kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin malamin da lamba ke yi wa jinkirin fitowa ya kan sake dannawa, sai 67 ta koma 677 ko 66, kuma a kan wannan lambar ne za a ce ɗalibi ya ci ko ya faɗi.

Bari mu fara da ƙidaya, domin a nan asirin ya ke. Layin da ya tafi a kwance, watau na ɗalibi guda, zan kira shi sahu. Wanda ya sauko a tsaye, watau na gwaji guda, zan kira shi ginshiƙi. Inda sahu da ginshiƙi suka gamu shi ne gurbi, kamar gurbin dara. Mu ƙaddara 'yan aji ɗaya dukansu 300 ne, darussa 15, kowane darasi da ginshiƙi 5. An sami ginshiƙi 75 ke nan. A ƙara na suna, lambar ɗalibi, jimlar jimloli, matsakaici da matsayi, sun zama 80. Gurabe nawa ke nan? Ba 300 a tara da 80 ba ne, 300 sau 80 ne, watau 24,000. Wannan "sau" ɗin shi ne mugun. In aka ƙara ɗalibi guda, an ƙara gurabe 80. In aka ƙara darasi guda, an ƙara gurabe 1,500.

Su lambobin kansu ba su da wani nauyi. Lambobi 24,000 in an aiko su ta waya ba su kai nauyin hoto guda da a ke ɗauka da wayar hannu ba, mu kuwa mun san hoto kan sauka nan da nan ko a sabis mai rauni. Akwai ma gwajin da kowa zai iya yi. A bar jadawalin ya gama buɗewa, sa'an nan a kashe data, a gwada jan shafin sama da ƙasa, hagu da dama. In har yana nan da nauyinsa, to ba sabis ba ne, domin babu abin da a ke ɗebowa daga waje. Aikin yana cikin na'urar da ke hannunka.

Wane aiki ne wannan? Manhajar da mu ke buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Safari, sunanta burauza. Harshen da a ke rubuta shafi da shi kuwa HTML ne, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, bayan shawarar da ya rubuta a 1989. Da farko babu jadawali a cikinsa, sai daga baya aka shigar, ya zauna daram a ƙa'idar HTML 3.2 ta 1997. Burauza ba ta ganin shafi kamar hoto guda. Ta kan ɗauki kowane abu da ke ciki, kanu ne, sahu ne, gurbi ne, ta yi masa mazauni a ƙwaƙwalwarta, ta jera su reshe bisa reshe kamar bishiya. Masu sana'ar suna kiran wannan bishiya DOM. Bayan ta kafa bishiyar sai ta bi kowane ganye ta tantance launinsa da irin rubutunsa, sa'an nan ta auna faɗinsa da tsawonsa da inda zai zauna, sa'an nan ta zana shi a allo. Kowane gurbi sai ya bi waɗannan matakai. Kuma da wuya gurbi ya zama ganye guda, domin in wurin rubuta maki ne, akwai gurbin kansa, da abin da aka naɗe shi da shi don ado, da akwatin rubutu. Gurabenmu 24,000 sun zama ganyaye 72,000 ke nan. Akwai lokacin da ma'aunin shafuka na Google mai suna Lighthouse ke ba shafi jan maki in ganyayensa sun haura wajen 1,400. Sai a kwatanta.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, yawancin wannan aiki ma'aikaci guda ne ke yinsa a cikin burauza. Shi ke gudanar da umurnin JavaScript, watau harshen da ke sa shafi motsi, shi ke awo, shi ne kuma ke amsa maka in ka danna wani abu. Ku tuna ɗakin cin abincinmu ranar da kuku guda ya rage a bakin tukunya: in yana tuƙi ba ya rabo, in yana rabo ba ya jin mai kira. Yawancin alluna su kan sabunta abin da ke fuskarsu sau 60 a daƙiƙa guda, saboda haka ma'aikacin nan yana da wajen milisakan 16 kacal ya gama kowane zagaye, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa. Mu ƙaddara kowane gurbi yana cin kashi ɗaya cikin goma na milisakan, abin da ko ƙiftawar ido ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. A gurabe 24,000 ya zama daƙiƙa 2.4 cur, kuma cikin wannan lokaci shafin a sandare ya ke. Wani masanin yadda mutane ke amfani da kwamfuta, Jakob Nielsen, ya bayyana a littafinsa na 1993 cewa in na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mutum zai ji kamar nan take ne, in ta wuce daƙiƙa guda tunaninsa zai fara tsinkewa, in ta wuce daƙiƙa 10 hankalinsa ya bar wurin.

Awon jadawali kuma yana da tasa wahalar ta daban. In mai gina shafi bai faɗi faɗin ginshiƙai ba, burauza ce za ta nemo da kanta, kuma ba ta iya yanke faɗin ginshiƙin suna sai ta duba sunayen duka 300, ko akwai wani mai dogon suna a can ƙasa. Haka za ta yi wa ginshiƙai 80 ɗin, sa'an nan ta raba faɗin shafin tsakaninsu. In rubutun gurbi guda ya ƙaru, mai yiwuwa faɗin ginshiƙinsa ya sauya, ya ture na kusa da shi, sai an sake awo. Tun 1998 ƙa'idar ado ta CSS 2 ta kawo maganin wannan, watau a kafe faɗin ginshiƙai tun daga sahu na farko, sauran su bi. Layi guda ne na umurni, amma ba kowa ke tunawa da shi ba.

Yanzu sai mu zo kan babban batu. Masu gina shafuka a yau ba su cika rubuta komai da hannu daga tushe ba. Su kan ɗauki wani shiri da aka riga aka kafa, su ɗora aikinsu a kai. Suna kiransa firamwok, ni kuwa zan kira shi masaƙa, tun da a kansa a ke saƙa shafin. Google ya fitar da AngularJS a 2010, Facebook ya fitar da React a 2013, Evan You ya fitar da Vue a 2014, Rich Harris kuma ya kawo Svelte a 2016. Alkawarin masaƙa mai daɗin ji ne: kai dai ka sauya lamba a cikin bayananka, ita za ta gano gurbin da ya kamata ya sauya a allo, har jimla da matsakaici su gyaru da kansu. Haƙiƙa wannan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai. Sai dai kafin ta san abin da ya sauya dole ta riƙa sa ido, kuma sa ido ba kyauta ba ne.

AngularJS ta kan ɗora wa kowace lamba da ke allo mai gadi. Da an danna wani abu sai ta bi masu gadin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko abinsu ya sauya. In ta sami wanda ya sauya sai ta sake zagayawa tun daga farko, don kada sauyin ya shafi wani, tana iya yin haka har sau 10. Ku ɗauka a ce duk sa'ad da ɗalibi guda ya fita zagayawa sai firifet ya kira sunan 'yan makaranta duka, sau biyu. Shi ya sa masu aiki da ita suka riƙe shawarar kada masu gadi su wuce wajen 2,000 a shafi guda. Jadawalinmu ya ninka wannan sau 12 tun kafin a sa masa ado. Google ya daina kula da AngularJS bayan ƙarshen 2021, ko da ya ke ƙanwarta Angular, wadda ta fito a 2016, tana nan.

React ta bi wata hanya. Ita ta kan ajiye kwafin bishiyar shafin mara nauyi a wurinta. In wani abu ya sauya sai ta sake tsara sabon kwafi, ta gwama da tsohon, ta taɓa wurin da suka bambanta kaɗai a ainihin shafin. Dabara ce mai kyau, amma ga inda gizo ke saƙar: in bayanan da suka sauya a kan uwa su ke, to bisa al'adarta sai ta sake tsara 'ya'yan uwar duka. Mai gina jadawalin maki kuwa ya kan ajiye makin gaba ɗaya a kan jadawalin, tun da jimla tana bukatarsu. Saboda haka malam ya danna 6, an sake tsara gurabe 24,000 an gwama, aka tarar guda biyu ko uku ne suka sauya. Ya danna 7, an sake. Wannan shi ne jinkirin nan da ke sa a danna lamba sau biyu. Akwai magani, watau a gaya wa React ta tsallake duk gurbin da abinsa bai sauya ba, kuma wasu masaƙu irin su Vue da Svelte sun fi bin diddigin wace lamba ce ke haɗe da wane wuri. Angular ma ta shigo da irin wannan a 2023. Amma duk wannan yana rage wahalar gyara ne kawai. Wahalar buɗewa ta farko tana nan, domin kowace masaƙa sai ta haifi gurabe 24,000 ɗin, ta yi wa kowanne rajista a nata littafin, kafin burauza ma ta fara nata awon.

Wani zai ce, to me ya bambanta faffaɗan jadawali da dogo, tun da duk ninki ne? Wannan tambaya ce ta fi ba ni sha'awa. Dogon jadawali an daɗe da sanin maganinsa: a yanka shi shafi-shafi, sahu 50 a kowanne. Amma wannan wuƙar tsawo ta ke yankawa, ba ta taɓa faɗi. Sahu 50 sau ginshiƙi 80 har yanzu gurabe 4,000 ne. Sa'an nan HTML kansa sahu-sahu ya ke gina jadawali. Sahu uwa ce mai riƙe da gurabenta, cire shi aiki guda ne. Ginshiƙi kuwa ba shi da uwar da ke riƙe da gurabensa, sun warwatsu ɗaya-ɗaya cikin sahu 300, don haka cire shi ko matsar da shi sai an shiga kowane gida. Bugu da ƙari, faffaɗan jadawali ba ya karantuwa sai an kafe ginshiƙin suna a hagu yayin da sauran ke tafiya, in ba haka ba malam zai isa darasin Kimiyya bai san makin wa ya ke gani ba. Wannan kafewar ma ƙarin aiki ce ga burauza.

Babban maganin da masu sana'ar suka gano ya fito ne daga lura da abu guda: ido ba ya ganin gurabe 24,000. Allon kwamfuta bai fi ya nuna sahu 20 da ginshiƙi 10 ba, gurabe 200 ke nan, na waya kuwa bai kai haka ba. To me zai sa a gina sauran? Sai a gina abin da ke bakin taga kaɗai, da ɗan ƙari a kowane gefe don kada a ga fili in an ja, alal misali sahu 30 da ginshiƙi 14, gurabe 420. Sauran wurin kuwa sai a bar shi fanko mai girman ainihin jadawalin, don sandar jan shafi ta nuna tsawon gaskiya. Lissafin mai sauƙi ne. In tsawon kowane sahu ɗigo 30 ne na allo, jadawalin duka ɗigo 9,000 ne. In mutum ya ja ƙasa da ɗigo 3,000, an san sahu na 101 ne ke saman tagarsa, sai a zuba bayanan daga nan. Wasu ma ba su zubar da guraben da suka fita daga taga, sai su juye abin da ke ciki su zuba sabo, kamar yadda a ke ɗauraye kwanon waɗanda suka gama ci a miƙa wa na bayan layi. Akwai kayan aiki da aka yi don wannan, irin su react-window na Brian Vaughn, da AG Grid wanda ke yin haka ga sahu da ginshiƙi duka tun ba a ce masa ba.

Amma fa a nan ma faɗi ya kan sha da ƙyar. Da yawa su kan yi wa sahu wannan dabara su bar ginshiƙai, domin sahu tsawonsu ɗaya ne, ginshiƙai kuwa kowanne da faɗinsa, na suna babba, na maki ƙarami, sai an yi ta tarawa kafin a san wanne ne a bakin taga. In an yi rabin aiki haka, ana riƙe da sahu 30 sau 80, gurabe 2,400, kuma duk sahun da ya shigo yana zuwa da gurabe 80 waɗanda 70 daga cikinsu ba a ganinsu. Malam ya fizgi shafin da sauri ya tsallake sahu 20, an nemi a haifi gurabe 1,600 cikin milisakan 16. Shi ya sa a kan ga allo ya yi fari fat na ɗan lokaci.

Kuma kada a ɗauka dabarar taga ba ta da farashi. Abin da ba a gina ba, burauza ba ta san da shi ba. In ka nemi sunan ɗalibi da abin neman kalma na burauza, ba za ta same shi ba sai in yana bakin taga, dole mai gini ya yi wa jadawalin nasa akwatin nema. In aka tura wa firinta, abin da ke taga kaɗai zai fito. Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu allo su ma su kan sha wuya in ba a yi musu tanadi ba. Wasu kamfanoni sun bi ta wata hanyar ma gaba ɗaya, suna zana jadawalin kamar hoto a kan fili guda maimakon gina gurabe, kamar yadda Google Sheets ke yi. Wannan akwai sauri, amma komai sai an ƙera shi da hannu, har zaɓen rubutu da kwafewa, aikin ya fi ƙarfin ƙaramin mai gini. Irin wannan tunani na zana abin da ido ke gani kaɗai shi ya sa Excel, wanda tun fitowar 2007 ke da ginshiƙai 16,384 da sahu 1,048,576, ke tafiya sumul a kwamfutar da jadawalin ginshiƙi 80 ke gagara a burauza.

A nawa ganin, kafin a kai ga duk waɗannan dabaru akwai tambayar da ya kamata hukumar makaranta ta yi wa wanda ta ba aikin gina shafin: wa ke bukatar ginshiƙi 80 a lokaci guda? Malamin Lissafi na aji ɗaya mai ɗalibai 40 sunaye ya ke bukata da ginshiƙansa 5, watau gurabe 240, abin da ko tsohuwar waya za ta ɗauka ba tare da nishi ba. Ina jin an kwaikwayi babbar takardar ne don an saba da ita, alhali ita takarda an faɗaɗa ta ne domin ba ta iya ɓoye wani sashe ta nuna wani. Shugaban makaranta da malamin aji su ne ke bukatar ganin komai, su ma sau ɗaya ko biyu a zango, kuma galibi don a buga a sa hannu. Wannan sai a shirya musu shi a babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan, wadda a ke kira uwar garke, a ba su fayil su sauke su buga.

Su kuwa iyayenmu, shafin da su ke buɗewa na sakamakon ɗa guda ne, darussa 15 a tsaye da ginshiƙi 5 ko 6 a kwance, bai kai gurabe 100 ba. Babu wayar da wannan zai yi wa nauyi, don haka kada a sa su sayen sabuwa saboda shi. In irin wannan shafi ya ƙi buɗewa ranar da aka saki sakamako, to ko dai iyaye ne suka yi wa uwar garken taron dangi a sa'a guda, ko kuwa a wannan karon da gaske babu sabis.